Makarantar laka mai rufi biyu: yadda wani ƙauye a Burkina Faso ya shawo kan zafin aji

Ƙauyen da matsalarsa

Ƙauyen Gando yana lardin Boulgou a Burkina Faso, kusa da garin Tenkodogo, kimanin kilomita 200 kudu maso gabas da Wagadugu, babban birnin ƙasar. Mutanensa wajen 3,000 ne a lokacin, manoma 'yan ƙabilar Bisa, gidajensu na laka da jinka a warwatse cikin gonaki. Har ƙarshen shekarun 1990 babu wutar lantarki, babu ruwan famfo. Duk wani gini da za a yi a wurin dole ne ya sanyaya kansa da kansa, domin ko fanka aka kawo ba inda za a jona ta.

Wurin yana kusa da layin digiri 12 arewa, kusan daidai da Kano, saboda haka ranar da ke dukan rufinsu ita ce wadda muka sani. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa. Da damina ta kankama kuma, hadari kan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, ya watsa ruwa a jikin katanga. Ginin laka na gargajiya yana da sanyi, amma sai an bi shi da yaɓe bayan damina, in aka yi sake shekara biyu ko uku sai ya fara zaizayewa daga gindi da kuma daga sama. Katako mai kyau ya yi ƙaranci a yankin, ɗan wanda aka samu ma gara ba ta ƙyale shi.

Matsalar ita ce samun aji da yaro zai iya zama a ciki da tsakar rana ya fahimci karatu, wanda damina ba za ta rushe ba, kuma wanda ƙauyen zai iya gyarawa da hannunsa.

Abin da aka fara gwadawa: bulo da kwano

Gwamnati ta taɓa gina wa ƙauyen makaranta irin wadda ake gani ko'ina a yankin Sahel: katangar bulon siminti mai rami, tagogi ƙanana, kwano a kafe kai tsaye a kan katanga. Irin wannan gini yana tashi da sauri, kuma a idon jama'a shi ne alamar cigaba.

Lahaninsa biyu ne. Na farko zafi. Kwano siriri ne, da rana ta buge shi sai ya ɗau zafi cikin mintuna, ya riƙa watsa shi ƙasa a kan kawunan yara. Iskar da ta yi zafi ta taru a sama ba ta da mafita. Bulo mai rami kuma bai da kaurin da zai jinkirta shigowar zafi. Da damina, ƙarar ruwa a kan kwano takan hana a ji muryar malami. Na biyu gyara. Siminti da kwano da katako duk sai an sayo daga gari da kuɗi, kuɗin gyara kuwa ba ya zuwa. Kafin ƙarshen shekarun 1990 ginin ya lalace har ana tsoron faɗuwarsa.

Akwai ɗan ƙauyen da ya san irin wannan aji tun yana yaro. Diébédo Francis Kéré, wanda aka haifa a 1965, ɗan sarkin ƙauyen ne, kuma shi ne yaro na farko da aka tura makaranta daga can. Yana da shekara 7 aka kai shi Tenkodogo, inda ya zauna a ajin bulo maras iska da haske, yara cunkushe. Ya koyi kafinta, a 1985 ya samu tallafin zuwa Jamus don ƙaro sani a sana'ar, ya yi karatun dare har ya samu shiga jami'ar fasaha ta birnin Balin a 1995 don karanta zanen gine-gine. Yana ɗalibi labarin halin da makarantar garinsu ke ciki ya iske shi.

1998 zuwa 2000: tara kuɗi da gardamar laka

A 1998 shi da abokansa suka kafa ƙungiya a Jamus don tara kuɗin ginin. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, cikin shekara 2 suka tara dala 50,000. Da ya dawo gida da kuɗin, murna ta cika gari. Da ya ce da laka za a yi ginin, sai murna ta koma ciki.

Mutane ba su ƙi don jahilci ba. Sun san laka fiye da kowa, sun san abin da damina ke yi mata. A wurinsu laka kayan talaka ce, makaranta kuwa abin zamani ce da ya kamata a yi da siminti. Tambayar da aka riƙa yi ita ce, ashe duk shekarun da ya kwashe a Turai, maimakon ya zauna ya taya su noma, laka ya je ya koyo? Zane a takarda bai gamsar da kowa ba, domin mafi yawansu ba su saba karanta zanen gini ba. Sai aka koma zama da dattawa, ana bayani ana zane a ƙasa, ana buga bulon gwaji a nuna.

Bulon da ya kawo ya bambanta da tubalin da suka saba. Ana haƙo ƙasa, a tankaɗe ta, a haɗa da siminti kaɗan, a ɗan jiƙa ta yadda in aka dunƙula a hannu za ta kama ba tare da ta yi caɓi ba. Sai a zuba a injin hannu, mutum ya danna doguwar sanda, ƙasar ta matse ta fito bulo mai kaifin gefe. Ba a gasa shi, don haka ba a ƙona itace. Ana rufe shi a bar shi ya yi ƙwari a hankali. Hukumar gwamnati mai suna LOCOMAT, wadda aikinta shi ne bunƙasa kayan gini na gida, ta taimaka wajen horar da masu buga bulon.

Oktoba 2000 zuwa Yuli 2001: ginin

An yi aikin ne a matsayin gayya. Yara da mata suka tattaro duwatsun harsashi, mata suka yi ta jido ruwa a ka, maza suka haƙa ƙasa suka buga bulo. An ɗora ginin a kan dakalin dutse mai tsayi, don kada ruwan da ke gudu a ƙasa ko damshi ya taɓa gindin katanga.

Azuzuwa 3 aka jera a layi ɗaya, kowanne na yara 50, da fili mai inuwa a tsakanin aji da aji inda za a iya yin darasi ko hutawa. Layin ya miƙe ne daga gabas zuwa yamma, dogayen katangu masu tagogi suna kallon kudu da arewa.

Ana cikin aikin aka samu gwajin da ba wanda ya shirya. Kéré ya sha ba da labarin cewa katanga ta ɗan tashi sai aka tafka ruwa cikin dare. Da safe mata suka nufo gidansu don yi masa jaje, domin a saninsu sabon ginin laka da ruwa ya kwana a kansa ya tafi ke nan. Aka je wurin aka tarar katanga na tsaye. Gani ya kori ji. Daga nan masu shakka suka ragu, masu zuwa aiki suka ƙaru.

Rufin ne ya fi cin tunani. A saman azuzuwan aka shimfiɗa silin na bulon laka, jere a kan sandunan rodi da ke tsakanin gungumen kankare, aka bar ƙananan kafofi. Sama da wannan, da tazara mai yawa, aka ɗaga kwano a kan saƙaƙƙen ƙarfe, ya zarce katanga sosai ta kowane gefe. Katako bai samu shiga ba saboda tsada da gara. Manyan ƙarafan gini kuma ba hanyar kawo su, ba injin ɗaga su. Sai aka ɗauki rodin da ake sa wa kankare, wanda ake samu a kowace kasuwar kayan gini, aka koya wa matasa yanka shi da zarto da haɗa shi da ƙaramin injin walda, suka saƙa shi a wurin. Ya fito maras nauyi, ana iya ɗaga shi da hannu.

Ƙasan azuzuwa daɓe aka yi, irin wanda matan ƙasar Hausa ma suka sani: a yayyafa ruwa, a yi ta bugu, a goge da dutse har ya yi santsi. Tagogi na ƙarfe ne masu ramuka-ramuka da ke barin iska da haske su shiga ko an rufe su.

Yadda ginin ke aiki da rana

A ƙasashen sanyi, mai zanen gida da ke son cin moriyar rana ba tare da na'ura ba yakan buɗe manyan tagogin gilashi wajen da rana take, ya kama zafinta ya adana a bango. A Sahel ilimin ɗaya ne, amma juya shi ake yi: a san hanyar rana don a tare ta.

A layin digiri 12, rana ba ta yin ƙasa da tsakar rana. Ko a Disamba, lokacin da ta fi karkata kudu, tsayinta ya kai digiri 54 daga ƙasa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta kuma takan ɗan ƙetara ta koma arewa. Abu biyu ke biyo bayan haka. Rufi shi ne ke shan mafi yawan zafin yini. Sannan katangar kudu da ta arewa suna da sauƙin karewa, domin rana daga sama take zuwa musu, leɓen rufi mai faɗi ya isa ya jefa musu inuwa, amma sai an yi leɓen ta ɓangarorin biyu. Gabas da yamma ne masu wuya, domin hantsi da la'asar rana a kwance take shigowa, ba leɓen da zai tare ta. Shi ya sa aka ba wa waɗannan ɓangarori gajerun katangu. Wannan juyin ya kuma sa gajeren gefe ne ke fuskantar ruwan da ke zuwa daga gabas.

Kwano a nan yana zafi kamar kowane kwano. Bambancin shi ne zafinsa ba ya isa ga yara. Tsakaninsa da silin akwai sarari a buɗe ta kowane gefe, iska na ratsawa tana kwashe zafin. Abin da ya rage sai ya tarar da silin na laka mai nauyi, wanda ba ya barin zafi ya wuce da sauri. Kamar mutum ne ya ɗora malafa a kan hula: malafar ke shan rana, iska na wucewa a ƙarƙashinta. A cikin aji kuma, iskar da jikin yara ya ɗumama tana tashi sama ta fita ta kafofin silin, wadda ta fi ta sanyi ta shigo ta tagogin da ke cikin inuwa.

Katangar laka tana nata aikin a hankali. Zafin rana yakan ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa ta, kafin ya iso ciki an tashi daga makaranta. Da dare ta saki abin da ta ɗauka, da safe yara su tarar da ita ta huce. Ita kuma katangar, kwano ne ke tsare ta daga ruwa, dakali na tsare ta daga damshi.

2001 zuwa 2008: yara sun yi yawa, malamai ba sa zama

Makarantar ta fara da yara 120, hukuma ta turo malamai. Ba a daɗe ba iyaye daga ƙauyukan kewaye suka fara kawo 'ya'yansu, azuzuwa 3 suka kasa. Wata matsalar kuma ta fito fili: malamin da aka turo daga gari ba ya son zama inda ba shi da muhalli mai kyau. A 2004 aka kammala gidajen malamai 6, na laka, masu rufin baka, wato lanƙwasasshe, da kwano a bisa. A shekarar ce Kéré ya gama digirinsa, kuma makarantar ta ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Ƙauyuka biyu na maƙwabta suka tashi suka gina nasu makarantun da irin wannan haɗin kai.

A ƙarin azuzuwan da aka kammala a 2008 an canza silin. Maimakon shimfiɗaɗɗe da ke dogara da rodi a ƙarƙashin kowane layin bulo, aka yi shi a lanƙwashe, da tsagogi da aka bari don fitar iska. Baka tana ɗaukar nauyin kanta, bulo na danne bulo har zuwa katanga, kuma tsakiyar ɗaki na ƙara tsayi, zafi ya ƙara nisa da kai. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon zaure mai bakan gizo ko ɗaurin guga a Zariya ko Damagaram ya san wannan sanyin, ko da yake maginanmu da azara suke ƙarfafa tasu bakar.

Nan ma sai da aka yi gardama, domin ba wanda ya yarda zai bar ɗansa ya zauna ƙarƙashin bulon laka da ke rataye a sama. An gina baka ta gwaji a fili, Kéré da ma'aikata suka hau kanta suna tsalle jama'a na kallo, ba ta motsa ba. Da ƙarin azuzuwan, yawan ɗalibai ya kai wajen 700. Waɗanda suka koyi buga bulo da walda a ginin farko su ne suka riƙe wannan aiki, daga baya wasunsu suka riƙa samun aiki a wasu garuruwa.

Inuwar fili: mangwaro da gara

Gini mai sanyi a tsakiyar fili ƙeƙasasshe yana shan iska mai zafi da ƙura, don haka aka shiga dashen mangwaro. Dashen farko da yawa bai yi ba, gara ta ci saiwa. Maganin ƙwari na kanti yana da tsada kuma yana ɓata ƙasa. Dabarar da aka koma yi ita ce a haƙa rami, a zuba tsofaffin ƙasusuwa da ragowar nama, a bar shi kwanaki. Tururuwa ta taru ta kafa gida a ramin, ita kuma abokiyar gabar gara ce. Sannan a dasa.

Ban ruwa safe da yamma ma ya gagara a garin da ake ɗauko ruwa a ka. Sai aka ajiye tulu kusa da kowane dashe, ruwa na ɗiga kaɗan-kaɗan zuwa saiwa, ana cika tulun sau ɗaya a mako.

2010 zuwa gaba

A 2010 aka fara ɗakin karatu mai siffar ƙwai. Mata suka kawo tukwanen ƙasa, aka yanke su da zarto, aka jera a kan allunan silin kafin a zuba kankare. Kowace tukunya ta zama kafa mai zagaye da ke shigo da haske mai laushi, tana fitar da zafi. Wannan gini ya ɗauki shekaru bai kammala ba.

A 2011 aka soma makarantar sakandare. Ginin ya fi na baya girma nesa ba kusa ba, buga bulo ɗai-ɗai da injin hannu zai ja lokaci. Sai aka haɗa laka da tsakuwa da siminti kaɗan aka riƙa zubawa cikin alluna yadda ake zuba kankare. An kewaye ginin da shingen sandunan itacen turare, wanda ke saurin girma, don ƙarin inuwa da tare ƙura. Zanen ya ci kyautar zinare ta duniya ta gidauniyar Holcim, wadda ake bayarwa don gini mai ɗorewa, a 2012. A 2022 Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gine-gine.

Hukunci

A ganina, abin da ya yi aiki a wannan ƙauye shi ne rabon aiki tsakanin kayan gini. Tsohuwar makarantar ta ɗora wa kwano aikin tare ruwa da tare zafi gaba ɗaya, alhali na farkon kawai ya iya. Ginin gargajiya kuma yana barin laka ta fuskanci ruwa, abin da ba ta jurewa. Sabon ginin bai kori ko ɗaya ba: kwano ya tsare ruwa, laka ta tsare zafi, aka bar sarari a tsakaninsu. Wannan sararin da juya ginin gabas da yamma su ne suka fi komai tasiri, kuma juyin ko sisi ba ya ci. Abin takaici ne yadda har yau ake kafa azuzuwa a garuruwanmu ba tare da an tsaya an dubi inda rana ke fitowa ba, tagogi na kallon yamma, kwano dab da kai.

Na biyu shi ne yadda aka bi da ƙin da jama'a suka yi. Ba a ce musu ba su waye ba. An ɗauki tsoronsu a matsayin sani na gaskiya game da damina, aka amsa shi da abin da ido zai gani. Kuma da yake hannunsu ne ya yi ginin, in wani wuri ya tsage akwai wanda ya san yadda aka ɗora shi.

Amma kada a ɗauka komai ya warware. Ginin ba ya ƙirƙirar sanyi, yana hana aji ya fi inuwar waje zafi ne, yana kuma jinkirta zafin. A tsakiyar Afrilu, lokacin da dare ma ba ya hucewa sosai, laka ba ta samun damar sakin duk abin da ta ɗauka. Siminti da rodi da kwano ba su fita daga lissafi ba, an rage su ne kawai. Ba kowace ƙasa ke yin bulo mai kyau ba, sai an gwada yawan yashi da yumɓu a cikinta, kuma bulon da aka buga ba a kula da shi ba zai ɓata wa dabarar suna a gari guda. Gayya ma tana da lokacinta, ba za a samu manomi a wurin gini ba alhali gonarsa na jiran noma. Mafi nauyi, kuɗin daga Jamus suka zo ta hannun mutum ɗaya mai naci wanda ɗan sarkin gari ne, ba kuma kowane ƙauye ke da irinsa ba. Daɗewar da ɗakin karatu ya yi yana nuna yadda aikin da ya dogara da gudummawa ke tafiya.

Dabarar dai ta riga ta shigo ƙasar Hausa. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci na matsattsen bulon laka a 2018, suka gyara tsohon masallacin ƙasa suka mai da shi ɗakin karatu, tare da maginan yankin. Inda kuwa ba kuɗin sabon gini, ajin bulo da ke tsaye ma ana iya sauƙaƙa masa: a ɗaga kwanon a bar sarari a buɗe tsakaninsa da silin, a faɗaɗa leɓen kudu da arewa, a yi rumfa ko a dasa itace a bangon yamma.